Takardun da Na Ɗaga Daga Ƙasa

Rabona a gidan ɗana daga azahar ne zuwa magariba. A tsakanin nan jikata tana hannuna, ba mai sa mini baki. Kafin azahar gidan shiru yake, sai hucin hita mai ɗumama gida da jiragen da ke sauka a filin jirgin da ke kusa da unguwarmu a Sterling. Bayan magariba kuwa iyayenta sun dawo, ta koma tasu, ni kuma in sauka ɗakina na ƙasa in ja carbi.

Dominta aka kawo ni ƙasar Turawan nan. Uwarta, matar ɗana, ta koma aikinta na asibiti, shi kuma yana aiki a wani ƙaton gini marar taga da ya ce cike yake da na'urori, ba su da wanda za su bar wa yarinya. Sunana aka sa mata, saboda haka ba mai kiran sunan a gidan. Ni takwara nake ce mata. A sanyin da nake ba da labarinsa ta wuce shekara huɗu, tana zuwa makarantar ƙanana ta rabin yini, wadda ake yi kafin firamare. Wata maƙwabciyarmu mai yaro a ajin ita ke sauke ta a bakin ƙofa, ta ɗaga mini hannu ta wuce, don ba mu da yaren da za mu gaisa da shi.

Da ta shigo sai in hau ɓare ta kamar albasa: hula, safar hannu, riga kan riga, takalmin nan mai nauyi. In murza mata man kaɗanya a tafin ƙafa da ƙirji. Mu zauna a ƙasa mu ci tuwo kwano ɗaya. A gaban iyayenta da cokali take ci, a gabana da hannu. Tana jin Hausa sarai, amma da Turanci take mayar wa kowa. Ni kaɗai ce dole ta lalubo mini Hausa, don ta san in ta yi mini Turanci kallonta kawai zan yi. Hausar tata a karkace take fitowa.

"Kaka, ni ƙoshi."

"Na ƙoshi ake cewa. Kuma ba ki ƙoshi ba, ƙara loma."

"Ni na ƙoshi."

"Suna kika ɗauka kika bar halin. Ni a shekarunki in an ce in zauna, zama nake."

Ba ta zama. Tun da nake renon yara ban ga mai ƙaiƙayin ƙafa irinta ba. Ko addu'ar cin abinci nake biya mata, tana amsawa tana lilo da jiki.

Ban taɓa zama gaban malami ba, na allo ko na boko. Abin da nake salla da shi a bakin mahaifiyata na ɗauka, da ka. Wannan ma da ake karantawa faɗa na yi aka rubuta. Ban taɓa jin abin ya rage ni da komai ba. Na aurar, na yaye, na yi wa gawa wanka, babu inda aka tambaye ni harafi.

Ɗana ba ya iya faɗa mini magana mai nauyi muna fuskantar juna. Sai a mota, idonsa na kan titi. Wata Juma'a muna hanyar masallaci, itatuwa duk sun zube sun tsaya tsirara, ya gyara murya.

"Inna, malamarsu ta kira mu."

"Faɗa ta yi da wani?"

"A'a. Haruffa ne. Sa'o'inta sun kama, ita har yanzu ba ta kama ba."

"Yarinyar da aka yaye jiya-jiya?"

"Nan haka suke yi, Inna. Kafin yaro ya shiga firamare ana so ya san kowane harafi da sautinsa. Malamar ta ce ko a mayar da ita ajin yini, ta riƙa tashi da yamma."

Ya san lissafin da nake yi, shi ma ya yi shi. Ajin yini yana tashi ne lokacin da uwarta take tasowa daga aiki.

"Na ce a bari mu gwada a gida tukuna," in ji shi. "Za ta riƙa aiko da abubuwan yi. In ta kama kafin sanyi ya wuce, shi ke nan."

"In ba ta kama ba fa?"

Sai ya kunna abin goge gilashi, alhali babu abin gogewa.

Daga makon nan jakar takwara ta fara dawowa a cike. Mutanen nan ba sa koya wa yaro abu kai tsaye. Sai an naɗe shi cikin wasa, wasan kuma a ɗaura shi da lokacin da ake ciki. Tunda sanyi ake yi, komai na sanyi ne. Uwarta takan durƙusa a gabana da safe kafin ta fita, ta nuna mini abin da za a yi da rana, a hankali, ba ta ɗaga ido.

Na farko ya yi mini daidai. An zana ƙaton harafi a shuɗiyar takarda, a shafa gam a kan zanen, a manna auduga, ya fito kamar dusar ƙanƙara ce ta sauka a kansa. Ina yagar audugar ina miƙa mata tana mannawa. Ta yi rabi, ta manna sauran a girarta da haɓarta, ta ranƙwafa tana dafa ƙugu, ta ce ita ce Kaka. Na ce a gidanku kika ga kaka mai gemu. Ranar har na yi dariya.

Na biyu safar hannu ce ta takarda, da yawa, an yanka su da almakashi, kowace da harafi a jiki. Wai a haɗa kowace da 'yar'uwarta, babban harafi da ƙaraminsa. Takwara ta watsa su ta bar ni da su. Na haɗa ja da ja, kore da kore, na jera a tebur. Ashe da gangan malamar ta rikita launukan, don kada yaro ya bi launi. Da yamma na ga surukata ta tsaya a kansu, ta sake jera su ɗaya bayan ɗaya.

Na uku shi ne gishiri. Na fito daga alwala na tarar da yarinya a kan kafet da tire cike da gishiri, tana jan yatsa a ciki, tana watsa shi sama wai ƙanƙara na zuba. Na ɗauke tiren, na tankaɗe gishirin na mayar cikin gwangwaninsa. Da uwar ta dawo ta ce, "Inna, na wasa ne, malama ta ce ta riƙa zana harafi a ciki." Na ce mata babu gishirin wasa, 'yar nan, abin da ake sa wa a miya ba a wasa da shi. Washegari ta sayo farin yashi a leda. Wannan ya wuce lafiya, sai dai takwara ba ta kula yashin ba.

Akwai wata tsohuwa 'yar Damagaram da muke haɗuwa a masallaci, ita ma reno aka kawo ta, a Springfield take. Ita kaɗai nake kira a waya mu yi hira. Da na ba ta labarin gishirin sai ta yi ta dariya har da tari.

"Hajiya, ba ki leƙa waje ne? Ƙasar da ake zuba gishiri a titi da mota, a taka shi da takalmi, a nan kike neman a girmama shi?"

"Na gani. Har a bakin ƙofarmu yaron nan yake barbaɗawa. Tsallakewa nake."

"To ki yi ta tsallake, Bakanuwa. Ni nawa jikokin abin da lakwal, makarantarsu ke nan, ta ce shi nake bi. In sun ce a tsaya da ka, sai in riƙe musu ƙafafu."

"Ku dama can ba ku da ta ido."

"Mu ne muka fi ku kwanciyar hankali."

Sanyi ya yi tsakiya, yarinya ba ta kama komai ba. Ina lura da fuskokinsu in sun zauna da ita bayan magariba. Uwar ta ɗaga kati, takwara ta dubi rufin ɗaki. Uban ya ɗaga, ta zame daga kujera ta shige ƙarƙashin tebur. Sai su koma Turanci a tsakaninsu, ƙasa-ƙasa. In suka yi haka na san ko ni ake nufi, ko abin da ya shafe ni.

Ana nan sai wata rana surukata ta dawo da fara'ar da na daɗe ban gani ba. Ta ce malama ta gano kan yarinyar. Wai in tana zaune ba abin da ke shiga, amma in tana motsi tana kamawa. Akwai wani wasa da suka yi a aji, a ranar kaɗai ta riƙe haruffan da aka yi makonni ana fama. Na ce alhamdu lillahi, kuma har zuciyata na faɗa. Ban tambayi wane irin wasa ba ne, ita ma ba ta faɗa ba.

A makon ne aka yi ƙanƙarar da ta fi kowace a shekarar. Aka wayi gari motoci sun nutse, ba a gane titi daga ciyawa, aka rufe makarantu. Asibiti ba ya rufewa, saboda haka surukata ta fita tun da sassafe. Ɗana ya zauna a ɗan ɗakin da yake aiki da kwamfuta, ya ja ƙofa. Ni na idar da walaha na hau falo, don tun ina kan sallaya nake jin dif, dif, dif a kaina.

An yanka fararen takardu masu faɗi kamar ɓallin ƙanƙara, an manne su a ƙasa da salatif, daga bakin kicin har gindin bene. Kowace da harafi baƙi ƙirin a tsakiya. Takwara ta sa baƙar rigar sanyi, ta manne hannuwa a jiki, wai ita ce tsuntsun nan na ƙasar ƙanƙara mai farin ƙirji, mai tafiya kamar agwagwa. Kafet shi ne ruwa, kada ta faɗa. Sai ta yi tsalle ta dira a kan harafi da ƙafa biyu, ta faɗi sautinsa da ƙarfi, ta sake tsalle. Tana yi tana ƙyalƙyala dariya. Wasu takardun har sun yi shatin ƙafarta.

A gidanmu ba a taka rubutu. Mahaifina manomi ne, shi ma bai yi karatu ba, amma in yana tafiya ya ga 'yar takarda a ƙasa sai ya sunkuya ya ɗauka, ya kaɗe ta, ya soke a tsagar katanga ko a jikin danga. In sun taru a ƙone su a wuri mai tsabta. Ko takardar da aka ƙunso ƙosai ce, in da rubutu a jiki, ba ta kwana a ƙasa. Mai karatu yana iya dubawa ya ce wannan da sunan Allah, wannan babu. Mu da ba mu iya dubawa, duka muke ɗagawa. Haka na tashi, haka na reni 'ya'yana, har shi mai gidan.

Ban yi mata tsawa ba. Na kama ta ta hammata na ɗora a kujera. Na durƙusa, gwiwoyina suna ƙara, na bi takardun ina ɓanɓare salatif, ina share kowace da gefen mayafina. Na haɗa su na ɗora a kan firji, inda hannunta ba ya kai.

Da farko ta ɗauka cikin wasan ne. Da ta ga sun hau firji sai ta ɓare baki. Ta ruga ta buga wa ubanta ƙofa, tana kuka tana zuba Turanci. Ya fito da abin sauraro rataye a wuya. Ya dubi ƙasa, ya dubi firji, ya gane. Ai shi na sha ɗauke wa littafi daga tabarma.

"Inna, ba Alƙur'ani ba ne. Boko ne, haruffa ne kawai."

"Da su ba a rubuta sunan Allah?"

"Ana rubutawa, amma sai an haɗa su. Waɗannan a warwatse suke."

"Hatsi ma kafin a tuƙa a warwatse yake. Ka taɓa ganin na bari an taka?"

"Inna, shi ne kaɗai abin da ya yi mata aiki."

"A nemi wani. Ba a gabana ba."

Ya tsaya yana murza goshi. Mutum ne mai furfura a gemu, a wurin aiki an ce mutane da yawa ne a ƙarƙashinsa, amma bai taɓa mayar mini da magana fiye da sau uku ba, ranar ma bai yi ba. Ya ɗauki 'yarsa ya rarrashe ta, ya kunna mata talabijin, ya koma ɗakinsa. Hannunsa yana kai wa saman firji ba tare da ya yi ɗage ba. Bai kai ba.

Kada a ce ban nemi hanya ba. Na san abin da ke gabana, na fi kowa sani. Bayan azahar na sauko da takardun na manna su a bango, daidai tsayinta, na ce ta riƙa gudu tana taɓawa da hannu. Ta taɓa ɗaya, ta taɓa ta biyu, ta ce tsuntsun ba shi da hannu, ta koma gaban talabijin.

Washegari makaranta na rufe har yanzu. Na kwaso tsummokin goge-goge farare na shimfiɗa a ƙasa a maimakon takardun, su ne ƙanƙara. Na zauna a kujera da haruffan a cinyata. Na ce ta yi tsallenta a kan tsumma, ni zan riƙa ɗaga mata harafi, in ta dira ta faɗa. Wannan ya burge ta. Ta sa baƙar rigar, ta manne hannuwa. Na ɗaga na farko, ta yi tsalle, ta faɗi wani sauti, ta tsaya tana kallon fuskata.

Jira take in ce daidai ne, ko ba daidai ba. Uwarta tafi take mata, malamarta ma na san wani abin take yi. Ni na dubi takardar ta baya, na dubi yarinyar. Na ce, "To." Na ɗaga na biyu. Ta matso ta juya shi a hannuna, ashe a kife na riƙe. Ta koma ta yi tsalle ta faɗa, ta sake kallona. Na ce, "To."

Yarinya ce mai wayo, sunan ba a banza ta ɗauka ba. A na gaba sai ta yi kukan kyanwa. Na san kukan kyanwa, na ce mata ban son shashanci. Na bayansa ta yi wani sauti da ban san ko na harafi ne ko nata ba ne, tana kallona ta wutsiyar ido. Na ce, "To." Sai ta faɗi ƙasa tana dariya, tana shure-shure. Da dariyar ta ƙare ta tashi ta zo ta tsaya a gabana, ta dafa gwiwata.

"Kaka ba ta sani ba?"

"Ban sani ba."

"Duka?"

"Duka."

Ta karɓi takardun daga cinyata ta ajiye a tebur, a hankali, ba ta jefar ba. Ta ce tana jin yunwa.

Surukata ba ta taɓa ɗaga mini maganar ba. Ranar farko da ta dawo ta ga shatin salatif a kafet, ta gaishe ni kamar kullum, ta tambayi ƙafata, ta wuce kicin. Da ta yi mini faɗa da na sami abin cewa. Bayan kwana biyu na duba tebur ban ga takardun ba. Da aka idar da magariba, kafin a ci abinci, sai na ji dif, dif daga can sama, daga ɗakinsu, ƙofa a rufe. Ina jin muryar takwara tana faɗa, ina jin tafin uwar. Uwar miji ba ta shiga ɗakin ɗanta da matarsa. Na zauna a gindin bene da carbi a hannu har suka gama. Abin bai daɗe ba. Matar da ta yini a tsaye a asibiti, ga girki yana jiranta, ɗan abin da za ta iya ke nan. Wata ran a yi, wata ran ba a yi.

Dogon lokacin, mai amfanin, yana hannuna, daga azahar zuwa magariba, kuma a cikinsa ba a yin komai sai tuwo da man kaɗanya da tatsuniya. Kowa a gidan ya san haka. Na kira 'yar Damagaram na faɗa mata. Wannan karon ba ta yi dariya ba.

"Hajiya, ki kau da kai mana. Ki shiga ɗaki, ta yi tsallenta, ki fito. Abin da ba ki gani ba ai ba ki gani ba."

"Ina ji a kaina."

"To za su ɗauke ta."

"Na sani."

"Kin sani kuma?"

Na ce mata abincina na kan wuta. Na gwada, ban ɓoye ba. Wata rana na ɗauko takarda ɗaya daga cikin na jakarta, na tsaya a tsakiyar falo da niyyar in ajiye ta a ƙasa. Na sunkuya har rabi. Hannuna ya ƙi sakinta. Na mayar cikin jaka.

Ba a jira sanyi ya wuce ba. Ƙanƙarar gefen titi ta yi baƙi ta ƙi narkewa, muna hanyar masallaci, ɗana ya gyara murya.

"Inna, an sami gurbi a ajin yini. Malamar ta ce in ba a karɓa yanzu ba, wani za a ba."

"Yaushe?"

"Litinin."

"Allah ya sa albarka."

"Ba don wani abu ba ne, Inna. A can kullum ana yi da su. Ke ma kya huta."

"Na ce maka na gaji ne?"

A masallaci na yi mata addu'ar buɗin ƙwaƙwalwa, kamar yadda nake yi kullum.

Ta kama haruffan. Kafin itatuwa su fara toho ta san su duka, tana bin kwalin madara da yatsa tana faɗa, tana karanta wa ubanta allunan kan titi. Da duhu take shigowa tare da uwarta, a gajiye, ta ci abinci da cokali tana gyangyaɗi. In na ce ta zo in shafa mata mai sai ta ce an shafa. Hausar da take lalubo mini ta fara guduwa. Yanzu in na yi mata magana sai ta juya ta tambayi uwarta da Turanci, uwar ta mayar mini.

Wajen ƙarshen sanyin makarantar ta gayyaci iyaye da kakanni su zo su ga aikin yara. Na sa atamfata mai kyau a ƙarƙashin rigar sanyi. Takwara ta riƙe hannuna tun daga mota, abin da ta daɗe ba ta yi ba, tana jana tana cewa, "Kaka zo, Kaka zo." Mun bi wani dogon lungu da aka liƙe da mutum-mutumin ƙanƙara na takarda. Malamar tana bakin ƙofa, doguwa, matashiya, da fara'a. Ta dafa ƙirji ta gaishe ni, an koya mata ke nan. Ɗana ya fassara mini cewa ta ce jikata tana da ƙoƙari, kuma tana yawan maganata. Ban ga mugunta a fuskarta ba ko kaɗan.

Sai na dubi cikin ajin. Kafet ne shimfiɗe daga bakin ƙofa har bango, kuma a jikin kafet ɗin aka saƙa haruffan, manya-manya, kowane a gidansa, ja da kore da shuɗi. Yara suna zaune a kai. Iyaye suna yawo a kai da takalma. Na nemi inda zan sa ƙafa, ko ta gefe, ko tsakanin gida da gida. Babu. An yi shi ne yadda ko'ina ka taka, ka taka.

Aikin takwara yana can bangon ƙarshe. Tana nuna mini da ɗayan hannun, tana jana.

"Ina gani daga nan," na ce mata.

"A'a, zo."

"Ina gani, takwara. Ya yi kyau."

Ta ƙara ja. Ɗana ya sunkuyar da kai, surukata ta shiga gyaran mayafinta. Wata yarinya daga ciki ta kira takwara da sunan nan nawa, a yadda bakinsu yake iya faɗarsa. Ta waiga, ta sake dubana, sannan ta saki hannuna ta ruga.

Malamar ta kawo mini 'yar kujera irin ta yara ta ajiye a lungun, a bakin ƙofa. A nan na zauna har aka tashi, rigar sanyin takwara a cinyata.